Kunnen Malam Tahir

A Unguwar Gawo, wani ƙauye da ke ƙasar Tofa, da kunnensa aka san Malam Tahir. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba. 'Yar madaidaiciya ce a bayan gari, gero da wake a ciki, gyaɗa a gefe, ta yi iyaka da gonar Levi, wani manomi Kirista daga gidajen da ke tsallaken rafi. Muryarsa ma ba ta da wani zaƙi na a zo a gani. Amma idan ya zauna kan buzunsa a zauren Islamiyya, yara suna ta karatu gaba ɗaya, kowa da surar da yake, sai ka ga ya ɗaga yatsa ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Ke ta jikin bango, koma baya. Kin haɗiye madda." In aka koma kuwa sai a tarar haka ɗin ne. Iyaye daga ƙauyukan kewaye sukan goyo 'ya'yansu a babur su kawo masa domin ya karɓi haddarsu, saboda an san kuskure ba ya wuce shi.

A gidan mahaifinsa ya sauke Alƙur'ani, sannan ya yi 'yan shekaru a birni yana karatun littattafai har ya iya Larabci daidai gwargwado. Ajin boko kam bai taɓa shiga ba. Ya dawo gida ya auri Furera, mai yin daddawa tana aikawa kasuwa. Suka haihu, suka aurar da matan, mazan suka watsu neman abinci. Da yayansa Basiru, limamin ƙaramin masallacin unguwar, ya rasu, jama'a ba su tsaya wata doguwar shawara ba, suka tura Malam Tahir gaba. Haka rayuwarsa ta miƙe: asuba masallaci, hantsi gona, yamma makaranta.

Bayan ya haura sittin ne kunnen hagu ya fara. Da farko kamar ruwa ne ya shige masa wurin wanka ya ƙi fita. Ya karkata kai ya girgiza, ya ɗiga man zaitun, ya ɗiga na habbatussauda, ya yi tofi. Ruwan bai fita ba, sai ma na dama ya soma bin sahu. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne yana jin ana magana, amma kalmomin sai su iso masa a cakuɗe, kamar mai maganar ya cika baki da tuwo.

Bai gaya wa kowa ba, har Furera. Sai ya shiga dabaru. In za a zauna, ya zaɓi inda mutane za su kasance a damansa. Ya koyi kallon leɓe. In ya ga ana dariya ya yi murmushi, in ya ga an ɓata fuska ya ce Allah ya kyauta. Dabarar ba kullum take ci ba. Wata rana wani maƙwabcinsa ya tare shi a hanyar gona ya yi masa doguwar magana yana kallon ƙasa, Malam ya ce, "To madalla, Allah ya ƙara." Sai da ya isa gida ya ji a bakin Furera cewa saniyar mutumin ce ta mutu. Ya daɗe yana sauya hanya don kada su haɗu.

Abin da ya karya masa zuciya ya faru ne a musabaƙar ƙaramar hukuma da aka yi a Tofa. Yana da wata ɗaliba, Rumaisa, yarinya mai kaifin hadda wadda makarantar ke ji da ita. Damina guda ya yi yana karɓar karatunta. Ranar musabaƙa ta hau kujera ta fara, Malam yana zaune a sahun malamai. Bai ji ƙararrawar alƙali ba, amma ya ga hannun ya sauka a kanta. Rumaisa ta koma baya, ta maimaita ayar yadda ta karanta da farko, da cikakken ƙarfin gwiwa. Hannun ya sake sauka. Harafi ɗaya ne take musanyawa, kuma duk wanda ya ga yadda take maimaitawa ya san ba ruɗewa ta yi ba, haka ta haddace shi.

A waje, mahaifinta ya rufe ta da faɗa. Tana kuka ta ce, "Baba, wallahi haka nake karanta wa Malam kullum."

"Rufe mini baki!" in ji uban, da ƙarfin da har Malam ya ji sarai. "Malam ne zai bar kuskure ya wuce shi?"

Malam Tahir yana tsaye kusa da su, takalmansa a hannu. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke yarinyar. Ya buɗe baki, ya ga malaman wasu makarantu suna kallo, sai ya sunkuya ya sa takalmansa. Ba a daɗe ba uban ya mayar da ita wata makaranta a cikin Tofa, wai ko sauyin wuri zai sa ta nutsu.

Akwai wata babbar waya da ɗansa Tasi'u, direba a birni, ya bar masa lokacin da ya sayi sabuwa. Da ita yake duba littattafan Larabci. Bayan musabaƙar nan sai ya fara tafiya da ita gona. A gindin ɗorawar da ke tsakiyar gonarsa ne aka fi samun sabis, kuma a nan ba mai leƙa masa kafaɗa. Ya jingina fartanya, ya goge hannu a riga, ya rubuta da Larabci abin da ya kasa faɗa da Hausa: ina ji amma ba na ganewa.

Abin da ya fito ya ba shi mamaki. Ashe ciwon yana da suna, ashe duniya cike take da irinsa. Ya ga bidiyon tsofaffi farare da baƙaƙe, ana sa musu wata 'yar na'ura a kunne, sai fuskarsu ta sake, wasu har da hawaye. Ya manna wayar a kunnen dama ya saurari bayani, ya sake saurara. Da sannu ya gane na'urar iri biyu ce. Akwai babba wadda ake ratayawa a bayan kunne, da 'yar igiya mai shiga ciki, kowa na iya ganinta daga nesa. Akwai kuma ƙarama, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, launin fata, in an tura ta cikin kunne sai ta ɓace. A ƙarƙashin hotonta an rubuta: ba wanda zai sani.

Wannan jimla ita ce ta kama shi. Ya ci karo da rubuce-rubuce da yawa da ke cewa kada mutum ya sayi kowace iri sai likita ya auna masa ji, ya karanta su kuma ya fahimta. Amma awo yana nufin asibiti, asibiti yana nufin layi, a layin kuwa ba a rasa ɗan Unguwar Gawo ko surukin ɗan Unguwar Gawo. Duk sanda ya zo kan irin wannan rubutu sai ya ture shi sama da yatsa, ya koma kan ƙwayar gyaɗarsa.

Wayar kuma ta riƙe abin. Ko littafi ya buɗe, sai hoton kunne ya faɗo masa a gefe. Ya daina ba Furera ita ta kira 'yarsu Sakinatu, sai dai ya kira da kansa ya miƙa mata, yana tsaye har ta gama. Ta dube shi ta ce, "Malam, ko dai wata ake ɓoye mini a cikin wayar nan?" Ya yi dariyar yaƙe ya karɓe abarsa.

Ana iya yin odar na'urar ta waya a kawo, amma bai yarda ya biya kuɗin abin da bai taɓa da hannunsa ba, kuma in ƙunshi ya iso ƙauye sai an tambayi abin da ke ciki. Ya bincika har ya gano akwai shagunan kayan asibiti a wani layi a birni, can nesa da inda mutanen ƙauyensu ke sayayya. Bayan an yanke gero, ya ce wa Furera zai je neman wani littafi. Ya hau babur zuwa bakin titi, ya shiga mota, ya sauka a Kabuga, ya tari adaidaita.

Shagon da ya shiga ƙarami ne, kekunan guragu a jere a bakin ƙofa, sandunan dogarawa a rataye. Wata matashiya ce a bayan kanta, da ɗankwali da tabarau. Da ganinsa ta miƙe da fara'a ta yi wata doguwar magana. A hagunsa take, shi kuma kansa na sunkuye yana lalubo hoton a waya. Ya ce, "Madalla, madalla," ya miƙa mata wayar.

"Irin wannan nake so. Wannan ɗin dai, ba wata ba."

Ta dubi hoton, ta dube shi. Ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Ba tawa ba ce. Yayana ne ya aiko ni. Kunne ke damunsa, kuma ba ya iya tafiya mai nisa."

Matashiyar ta mayar masa da wayar. Sannan ta zagayo ta tsaya a gabansa sosai, ta yi magana a hankali, kalma bayan kalma. "To, Baba. Wane kunnen ne ya fi damunsa?"

Kafin ya ankara hannunsa ya riga ya tafi kunnensa na hagu. Ya mayar da shi susar gemu.

"Na hagu," ya ce.

Ta ɗauko wani ɗan kwali ta buɗe. Ga ta nan kuwa, kamar yadda take a hoto, sai dai ta fi haka ƙanƙanta. Ta ce, "Muna da ita. Mai shagon nan ba ya son kawo ta, amma kusan kullum sai wani ya shigo da wannan hoton a waya, in babu ya juya. Baba, gaskiyar magana, ita wannan ƙara kawai take ƙarawa, ta mutum da ta babur da ta kaza duk ɗaya. In ba ta zauna daidai ba kuma tana fito. Da shi yayan naka zai daure ya je a auna shi, sai a ba shi wadda ta dace da kunnensa." Ta nuna masa babbar a cikin gilas.

Malam ya kalli babbar ya kawar da kai. Ya hango kansa a gaban sahu da wannan abu a maƙale, yara suna zunɗe.

"Na yi bincike," ya ce. "Na karanta, na kalli bidiyo ba ɗaya ba. Wannan ita ce sabuwar fitowa. Waccan ta da ce."

"Ba a nan take ba, Baba."

"'Yata, ki ba ni abin da aka aiko ni."

Ba ta ƙara musu ba. Ta nuna masa yadda ake sa batir, da inda ake murzawa a ƙara ko a rage. Duk bayanin da za ta yi sai ta ce, "Ka gaya masa ya yi kaza," shi kuma ya ce, "Zan gaya masa." Ya biya, ya cusa kwalin can cikin aljihun 'yar ciki. Har ya juya, ta sake zagayowa gabansa, ta ɗan rusuna.

"A gaida Inna Furera. In ka ga babana a gona ka ce ina nan lafiya, sai Kirsimeti."

Ya tsaya. "Wane ne baban naki?"

Ita ma sai ta yi turus. "Levi mana, Baba. Rachael ce. Ai na faɗa maka tun da ka shigo."

Sai a lokacin ya ga fuskar a bayan tabarau. Yarinyar da ke kawo wa ubanta fura a gona, wadda ta tafi makarantar koyon aikin jinya. Ya tuna kuma ranar rasuwar Basiru, ita da uwarta sun shigo gidan da itace a ka, sun zauna cikin mata har yamma. Ta san yayan nasa ya daɗe a kabari. Ta tsaya tana saurarensa yana aiken mamaci, tana taya shi, tana cewa ka gaya masa.

Bai san yadda ya fito daga shagon ba. A mota ya zauna a kujerar baya ya haɗa kai da gwiwa. Shi da yake hana yara ƙaryar wasa, yau ya tayar da ɗan'uwansa daga kabari ya jingina masa kurumta, a gaban 'yar maƙwabcinsa. Kwanakin da suka biyo baya ya riƙa satar kallon Levi ta kan iyakar gona, yana jiran wata alama. Levi ya gaishe shi kamar kullum, ya yi maganar tsutsar da ta shiga wake, ya koma bakin aikinsa.

A gona ya fara gwada na'urar, a kunnen hagu. Da ya murza ta, duniya ta faɗo masa a ka. Ya ji karan dawar maƙwabta na gogar juna, ya ji kukan jaki daga can wani ƙauye, ya ji numfashinsa. Ya zauna a kan kunya yana hamdala. Amma da ya shiga cikin mutane sai murnar ta ragu. Muryoyi sun ƙaru, hayaniya ma ta ƙaru, maganar dai tana nan a cakuɗe. Ya ce wa kansa sabo ne ake bukata. Don kada wani mai kaifin ido ya hango ta, ya fara yafa hirami a kan hularsa ya sauko da shi ya rufe kunnuwa. Mutane suka ɗauka sanyi yake ji.

A sallar La'asar abin ya fara. Masallaci ya yi tsit, kowa na karatu a zuci, sai wata siririyar ƙara ta tashi, ta tsaya, ta sake tashi. Shi Malam ɗan zuuu kawai yake ji, wanda ya saba da shi. Bayan sallama ya juyo ya ga mutane suna dube-dube. Abdulkabir ladan ya ɗaga gefen tabarma.

"Gyare ne ya shigo," in ji shi.

Wani ya ce a'a, lasifika ce. Aka duba, a kashe take. Malam ya ga bakunansu, ya haɗa maganar, ya tuna abin da Rachael ta ce game da fito. Ya gyara hiramin a kan kunnen. Ya ja carbinsa, ya bar su suna nema.

Da ya cire ta tun daga ranar, da magana ta mutu. Amma ya riga ya ɗanɗani jin amin ɗin mamu a bayansa, abin da ya daɗe bai ji ba. Ya rage murzawa, ya ƙara tura ta ciki, ya ce ta gyaru. Ba ta gyaru ba. Duk sanda ya yi sujada hiramin ya manne a kunnen, sai ta saki kuka. Gyaren masallaci ya zama abin hira a unguwa. Wasu suka ce a rufin yake, wasu suka ce a cikin tsagar bango. Wata safiyar Asabar matasa suka fitar da tabarmi da dardumai gaba ɗaya suka shanya, suka share ko'ina, wani ya kawo injin feshin gonarsa ya bi lungu-lungu. Wani dattijo mai ciwon baya ya dage sai da ya taya ɗaukar tabarma. Malam Tahir yana tsaye a inuwar bango yana kallonsu, suna wucewa suna ce masa ya koma gida ya huta, su za su yi. Ya sa musu albarka, kuma bai taɓa jin albarka ta yi masa nauyi a baki kamar ta ranar ba.

A Azahar ɗin ranar, cikin masallaci mai warin magani, gyaren ya yi kuka a raka'ar farko.

Abdulkabir ne ke tsayawa daidai bayan liman. Bayan an idar ya zauna yana lazimi har kowa ya fita, sannan ya matso. Mutum ne mai kunya, ya girmi Malam da kaɗan. Ya sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa. Malam ya ga leɓe na motsi amma gemu ya rufe su.

"Na'am?"

Abdulkabir ya maimaita. Malam ya karkato da kunnen dama. "Me ka ce?"

Ladan ya waiga ƙofa, ya ɗaga muryar da yake kiran salla da ita. "Na ce, Malam, gyaren nan a cikin hiraminka yake!"

Masu sa takalmi a bakin ƙofa suka tsaya cak. Wani yaro ya fashe da dariya, aka buge masa baki. Malam ya sa yatsa biyu ya zaro 'yar na'urar, ya riƙe ta a tafin hannu. A nan ma ta yi wani ɗan fito kafin ya kashe ta. Ya tashi ya ratsa mutanen, kowa ya sunkuyar da kai ya ba shi hanya.

Ya aika wa Abdulkabir ya riƙa jan salla, ya ce a gaya wa yara makaranta sai an neme su. Ya shige ɗaki. Furera ta kawo abinci ta mayar, ta sake kawowa. Rannan ta ajiye kwanon ta zauna a gabansa, ta ɗauki na'urar daga kan taga tana juya ta.

"Wannan ce kishiyar tawa?"

Bai yi dariya ba.

Ta ce, "Malam, ciwon ido ya kama Liman Basiru ya sa tabarau, ba wanda ya fasa bin sa salla. Kai me ka sata da za ka ɓuya a ɗaki?"

"Ba ki san abin da na yi ba," ya ce. Ya ba ta labarin shagon, da aiken da ya ce yayansa ya yi masa. Furera ta riƙe baki. Da ta sauke hannun ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ce masa ai ba wani abu ba ne. Ta ce, "To ai sai ka koma ka gyara."

Ya koma. Wannan karon ragonsa ya sayar, kuma ya gaya wa Furera inda za shi. Ya tarar da mutane biyu a shagon, ɗaya yana nuna wa Rachael hoton wani abin awon jini a waya. Ya jira suka fita. Ya ajiye ɗan kwalin a kan kanta.

"'Yata, yayana ya rasu. Kin sani."

"Na sani, Baba. Allah ya ji ƙansa."

"Ni ne ba na ji."

"To, Baba," kawai ta ce. Ta roƙi mai shagon izini, ta raka shi da kanta har sashen kunne na wani asibiti da ke kusa, ta nuna masa inda zai yanki kati, ta koma bakin aikinta. A layin kuwa, kamar yadda ya yi tsoro, ya haɗu da wata mata 'yar ƙauyensu da ta kawo jikanta. Ta gaishe shi ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi.

Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki, aka sa masa abin sauraro a kunnuwa biyu, aka ce duk sanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ya sami kansa yana satar kallon yatsan ma'aikaciyar don ya gane lokacin da take dannawa. Ta lura, ta juya masa kujera ya fuskanci bango. Ya zauna yana kallon farin fenti, hannunsa a kan cinya, ya san ana ta danna abubuwan da ba sa isowa gare shi. Likita ya ce na hagu ya yi nisa, na dama ne za a iya taimaka wa. Wato duk wannan lokaci ma a kunnen da ba shi ba yake cusa abin. Aka saita masa babbar, irin wadda ya kawar wa kai, aka maƙala masa ita a bayan kunnen dama.

Da yamma ya sauka daga babur a bakin gari, hula kawai a kansa, na'urar a fili. Mutumin farko da ya gamu da shi mai shayi ne. "SANNU DA DAWOWA, MALAM!" Sai da Malam ya dafe kunne. Ya yi gaba, wasu mata masu dawowa daga rijiya suka rusuna suka kwarara masa gaisuwa kamar suna kiran wani a tsallaken rafi. Ya shiga gida, Furera ta taso. "MALAM, AN DACE?"

"Furera, lafiya? Me ya sa kowa yake ihu yau?"

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta zauna a bakin turmi, ta yi magana da wata murya mai taushi wadda ya manta tana da ita.

"Ba yau ba ne, Malam. Haka muke yi maka magana tun kafin bikin Sakinatu."

"Ku wa?"

"Kowa. Abdulkabir ne ya bi gida-gida ya ce a riƙa ɗaga murya, kuma kada wanda ya nuna maka. Yaran makaranta ma an ce su riƙa zama ta damanka. Mai saniyar nan da ka yi wa madalla, shi ya zo da kansa ya ce kada in bari ka ɗauka ya ji haushi, don bai ji haushin ba."

Malam ya nemi wuri ya zauna a kan tabarma. Ya yi ta lissafa fuskoki: mai shayi, matan rijiya, dattawan sahun gaba, yara ƙanana da ba su iya ɓoye komai ba amma suka ɓoye wannan. Shekara da shekaru yana fama da dabarunsa, yana jin ya iya, ashe gari guda ne ya taru yana riƙe masa asirin da shi kaɗai ya ɗauka asiri ne. Ya rasa ko godiya zai yi ko kuka. Furera ta tura masa kwanon tuwo, ya ji ƙarar murfin a kan siminti, ya ji tsakin da ta yi wa akuya, ya ci loma biyu ya ajiye.

Ya koma limanci, ya buɗe makaranta. Haddar manyan ɗalibai dai ya ce a riƙa kai ta wurin wani matashin malami a Tofa, shi ya tsaya kan ƙanana. Yara sun kalli abin kunnen nasa na 'yan kwanaki suka gaji. Wasu tsofaffi biyu sun same shi a keɓe, kowa da ranarsa, suna tambaya wai wani ɗan'uwansu ne ke fama, ko zai duba musu a waya. Ya ce musu waya ba ta auna kunne, ya kwatanta musu asibitin.

Abu ɗaya ne ya kasa. Bai iya tsayawa a gaban jama'a ya ce su rage murya ba, don faɗin haka tamkar ya ce ya san abin da suka yi masa ne, shi kuwa har yanzu bai sami fuskar da zai yi wannan magana da ita ba. Wasu sun gane da kansu sun sassauta. Da yawa sabo ya riga ya bi jikinsu. Saboda haka kullum da safe, kafin ya fita, yakan tsaya a zaure ya kai hannu bayan kunne ya rage na'urar kaɗan. Sannan ya saɓi fartanya ya kama hanyar gona, inda Levi zai ɗago daga kan kunyarsa, a tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, ya cika ƙirji da iska ya tambaye shi kwanan iyali.